Yadda Na Yanka Dutsen Gwaggo Gunduwa-Gunduwa

Ranar da aka kawo na'urar awon nan ofishinmu na Titin Bauchi, sai da na je na wanke hannuna da sabulu kafin in taɓa ta. Oga yana ta ƙyaƙyata dariya, ni kuwa ko a jikina. Na yi shekaru a jami'a ina karatun safiyo, ina kallon hotonta a littafi, ban taɓa zaton zan rungume ta da hannuna a garin Jos ba. Aronta aka ba mu, ba tamu ba ce, amma wannan bai rage mini murna ba.

Ofishin ɗaki biyu ne a saman wani shagon tayoyi. Oga tsohon ma'aikacin safiyo ne na gwamnati, haifaffen Filato, ya yi ritaya ya buɗe nasa. Ni kaɗai ce ma'aikaciyarsa ta kullum, sauran sai aiki ya taso ake kiransu. Muna faɗa da shi kusan kowace rana, don ni ba na iya haɗiye magana, shi kuma ba ya yarda an fi shi gaskiya. Duk da haka ban taɓa jin daɗin aiki da wani kamar shi ba.

Na'urar a kan ƙafa uku take tsayawa. In ka kunna ta sai kanta ya riƙa juyawa, tana harba wani haske da ido ba ya gani. Duk inda hasken ya taɓa, bango ne ko ganye ko bayan akuya, sai ta rubuta ɗigo ɗaya: ga inda yake, ga tsayinsa daga ƙasa. Kafin ka gama shan shayi ta tara miliyoyi. In ka buɗe su a kwamfuta daga nesa kamar hazo suke, shi ya sa masu sana'ar suke ce musu gajimaren ɗigo. Sai ka matso sannan ka ga taga ta fito, ga igiyar shanya, ga tsagar da ke jikin katanga. Farkon ganina ihu na yi, har mai shagon tayoyi ya hawo ya ga ko lafiya.

Aikin da aka aro ta dominsa a Jos Jarawa yake. Wani ɗan kwangila zai gina magudanar ruwa a gangaren wani tudu, yana so a auna masa wurin da rani, a sake aunawa bayan damina, don ya ga inda ruwa ke cin ƙasa. Da muka je duba wurin sai na ga ashe tudun bayan gidan Gwaggo ne, yayar mahaifina. A gidan nan na yi duk hutun makarantar ƙuruciyata. A bayansa akwai wasu duwatsu biyu, ƙato ya hau kan ƙarami ya zauna a karkace, kamar tulu a kan gammo. Baƙo in ya gani sai ya ja da baya, mu kuwa a ƙarƙashinsa muke wasan 'yar tsana. Tun zamanin haƙar kuza kakanmu ya gina gidan, kuma haka ya tarar da dutsen.

Sau biyun da muka yi awon, a tsakar gidan Gwaggo muka kafa na'urar, don daga nan ne ake ganin ƙarƙashin dutsen sosai. Sau biyun kuma sai da ta cika mu da gwate, faten nan na mutanen Jos, Oga ya ci har yana sassauta bel.

Bayan awo na biyu ba da daɗewa ba Yaya ya kira ni. Shi ne babban ɗan Gwaggo, yana aiki a Kaduna da iyalinsa. Sauran 'ya'yanta mata ne, duk suna gidajen aurensu a wasu garuruwa, mijinta kuma ya daɗe da rasuwa.

"Ƙanwata, an ce mini Inna tana cewa dutsen nan ya matso."

"Wane dutse? Yaya, dutsen da ya girme mu duka?"

"Ni ma haka na ce. Amma ta faɗa wa babanki, ta faɗa wa ƙannena, kowa ya kira ni da maganar. Ke kika karanci awon ƙasa. In da gaske ne, ƙarshen wata zan zo da mota in ɗauko ta, ko tana so ko ba ta so. In kuwa tsoro ne kawai, a bar ta a ɗakinta, na san ba za ta so barin gidan nan ba."

Na ce ya bar mini. Gaskiya raina ya ɓaci da jin maganar ɗauke ta. Gwaggo ce ke raba ni da mahaifiyata in mun yi rigima, gidanta ne nake zuwa ranar Asabar in miƙe ƙafa in yi ƙorafin duniya. In aka kai ta Kaduna, wa zan kai wa ƙara? Na ƙudura a raina cewa ba inda za ta.

Washegari na biya wajenta kafin in wuce ofis. Na tarar da ita tana tsince acca a faifai.

"Gwaggo, me nake ji? Wai dutse ya fara tafiya?"

"Ya matso, 'yar nan. Da a gindinsa nake shanya barkono da hantsi. Yanzu inuwa ce ke rufe wurin."

"Rana ce ke sauya hanya, Gwaggo, kowace shekara haka take yi."

"To, ai ku ne 'yan boko. Ni dai abin da idona ya gani na faɗa."

"Ki kwantar da hankalinki. Dutsen nan yana cikin kwamfutata, na rani da na bayan damina. Zan ɗora wannan a kan wancan, in ya motsa ko da faɗin farce ne sai na gani."

Ta ɗago ta dube ni, ta ce Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da tsintarta. Na fito ina jin kaina kamar wata babbar likita.

Sai dai cika baki na yi. Dutsen yana cikin kwamfuta, gaskiya ne, amma fito da shi wani aiki ne daban. Awon tudun gaba ɗaya ya fi ƙarfin kwamfutar ofishinmu. In na ce ta buɗe shi duka, sai fankarta ta yi ta gurnani, allon ya daskare, in kuma aka yi rashin sa'a aka ɗauke wuta a tsakiya, sai a koma farko. Balle a ce a buɗe biyu a lokaci ɗaya a kwatanta. Mafita ita ce a zuba ɗige-ɗigen cikin rumbun bayanai, wanda dama ɗan kwangilar ya ce a haka yake so a miƙa masa aikin. Amfanin rumbun shi ne ka ce masa, ba ni abin da ke tsakanin nan da nan kawai, ya zaƙulo maka, ya bar sauran a ajiye.

Amma rumbun ba ya haɗiye abu dunƙule. Sai ka raba masa kashi-kashi, kowane kashi da iyakar abin da zai ɗauka, kamar yadda ake ɗura masara a buhuna. A jikin kowane kashi yana rubuta iyakarsa: daga ina zuwa ina ta gabas da yamma, daga ina zuwa ina ta kudu da arewa. In ka tambaye shi wani wuri, rubutun nan yake dubawa, ya buɗe waɗanda suka shafi wurin kawai. Rabon kuwa ni aka bar wa.

Da na ji rabo ne sai na yi murmushi, don a gidanmu rabo gado ne. Mahaifina shi ne mai raba watanda a layinmu na Laranto. In ƙaramar Sallah ta gabato, ko Kirsimeti, magidanta sukan haɗu su sayi sa, a yanka, a shimfiɗa leda a ƙofar gidanmu, a kira Baba. Tun ina ƙarama nake tsayawa da roba a hannu ina kallonsa. Ba ya tsallake kowa. Ya ɗauki tsoka ya bi kashi-kashi yana ajiyewa, ya dawo ya ɗauki hanta ya bi, sannan tumbi, sannan kitse, sannan ƙashi. In ya gama, duk kashin da ka ɗauka ka ɗauki sa guda a ƙanƙance. Ban taɓa jin an yi faɗa a watandar Baba ba, kuma a wurina abin da ake kira rabo ke nan.

Haka na yi wa tudun. Na rubuta ɗan umarni na ce kwamfuta ta bi ɗige-ɗigen ɗaya bayan ɗaya, ta ba kashi na farko, ta ba na biyu, ta ba na uku, in ta kai ƙarshe ta dawo farko. Kowane kashi ya tashi daidai da ɗan'uwansa cif. Da na buɗe ɗaya don gwaji sai ga tudun duka ya fito shara-shara, da dutsen da gidajen da komai. Daɗi ya kama ni, na kira Oga.

"Oga, zo ka ga adalci!"

Ya zo ya sa tabarau, ya gyaɗa kai. Muka zuba su a rumbu, na zana ɗan akwati a kan dutsen Gwaggo, na ce a ba ni wannan. Fanka ta fara gurnani. Muka jira. Oga ya sauka ya sayo gyaɗa ya dawo, tana nan tana gurnani. Can allon ya daskare kamar yadda ya saba.

"Kai yarinya, me ka yi wa injin nan?"

Na bayyana masa yadda na yi rabon. Sai ya cire tabarau ya fara dariya har da riƙe ciki.

"Watanda! Watanda ka yi da aikin mutane! Oya duba iyaka na kowane kashi."

Na duba. Kowannensu ya rubuta iyaka iri ɗaya, daga wannan ƙarshen tudun zuwa wancan, tunda kowanne yana da ɗan guntun ko'ina. Da na nemi dutsen, duk sai suka ɗaga hannu suka ce yana wurinsu, rumbun kuwa ya tashi buɗe su gaba ɗaya. Haushi ya kama ni, dariya kuma tana cina. Na ce to ai sai ya nuna mana tasa gwanintar.

Oga ya ja kujera ya zauna da ƙarfinsa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana yanka filaye, shi ma abin da ya sani ya yi. Ya shimfiɗa layuka a kan tudun, tsaye da kwance, kowane fili murabba'i daidai da na kusa da shi, sai ka ce sabuwar unguwa za a fitar.

"Haka ake aiki. Kowa da fulotinsa, babu shiga gonar wani."

Abin ya yi kyau a ido, ban musa ba. Amma na'urar ba ta zuba ɗigo daidai a ko'ina. Kusa da inda aka kafa ta suna cunkushe kamar tururuwa, can nesa kuwa jefi-jefi ne. Ga kuma wani tsohon ramin kuza da ruwa ya cika a gefen tudun, wanda hasken ba ya dawowa daga kansa. Sai filayen Oga suka fito wasu fayau babu komai, wasu 'yan ƙwarori, na tsakar gidan Gwaggo kuwa, wanda shi muke nema, ya cika ya batse har rumbun ya ƙi karɓarsa. Da ya rage girman filayen don wannan ya shiga, sai wofin suka yi yawa har ba su ƙirguwa.

Na dai ɗauki gyaɗarsa na fara ci ina kallon silin.

"Faɗi abin da ke bakinka," in ji shi.

"Ni? Oga, ai ni 'yar watanda ce, me na sani?"

Kwanaki muka yi a haka, ƙarshen wata kuma yana ta matsowa. Yaya ya sake kira, na ce masa ana kan aiki. Na koma na buɗe littafin bayanin manhajar da muke amfani da ita, wanda da na tsallake shi don ina ganin na iya. A ciki akwai wata hanya da na taɓa karantawa a makaranta ban fahimce ta ba, na haddace na rubuta a jarrabawa na manta. Wannan karon, da kuskurena da na Oga a gabana, ina karantawa sai na ji kamar an buɗe taga a kaina. Na miƙe tsaye ban sani ba.

Ga yadda take. Ka dubi gajimaren duka, ka ga ta ina ya fi tsawo. Ka yanka shi biyu ta nan, amma ba a tsakiyar fili ba, a inda rabin ɗige-ɗigen za su faɗa dama, rabi hagu. Ka ɗauki kowane rabi ka sake duba ta ina ya fi tsawo, ka sake yankawa haka. Ka yi ta yi har kowace gunduwa ta dawo daidai abin da rumbu zai karɓa. Inda ɗigo ya cunkushe gunduwoyin za su fito ƙanana, inda ya yi ƙaranci su fito manya, amma nauyinsu kusan ɗaya. Kuma kowane ɗigo yana tare da maƙwabtansa, ba a ɗauke shi an kai shi wata unguwa ba.

"Oga! Ni da kai duk muna da rabin gaskiya! Yawan ya zama daidai kamar nawa, iyaka kuma kowa da tasa kamar naka!"

"Rabi na ya fi naka girma," ya ce, amma ya riga ya jawo kujera kusa da ni.

Na sa kwamfutar ta zana mana gunduwoyin da launi daban-daban yayin da take yankawa. Wallahi ban taɓa kallon abin da ya burge ni kamar wannan ba. Layi ya raba tudun biyu, sannan huɗu, sannan aka shiga yanka ta ko'ina. A kan ramin kuza wata ƙatuwar gunduwa ta miƙe abinta, a tsakar gidan Gwaggo kuwa suka yi ta ƙanƙancewa har sai da na matso da fuskata. Na riƙa tafawa ina cewa yanka, yanka! Oga yana cewa in yi a hankali kada in ture masa shayi.

Muka yi wa awon rani, muka yi wa na bayan damina, muka zuba su a rumbu. Suka shige sumul, babu wadda aka dawo da ita. Na sake zana ɗan akwatin nan a kan dutsen da tsakar gidan. Na danna.

Kafin in janye yatsana ya fito. Dutsen Gwaggo, shi kaɗai da gidan da ke gindinsa, yana juyawa a allo duk inda na ja shi, fanka ko tari ba ta yi ba. Na yi tsalle na buga gwiwata a tebur ban ji zafi ba sai daga baya. Oga ya ɗaga hannu sama yana godiya ga Allah da yarensu. Mai shagon tayoyi ya sake hawowa, wannan karon muka zaunar da shi muka nuna masa, ya ce shi bai ga abin ihu ba, dutse ne.

Saura kwatantawa. Mun kafa wasu turakun ƙarfe a kan tudun tun awon farko, da su muka daidaita awon biyu har suka hau kan juna. Na ce kwamfuta ta shafa kore a duk abin da yake inda yake, ja kuma a abin da ya sauya wuri. Kwazazzabon da ke gefen gidan ya yi ja, ruwa ya ci shi sosai, wannan na ɗan kwangila ne. Amma dutsen, daga ƙeyarsa har inda ya zauna a kan ƙaramin, kore ne shar. Oga ya sa na juya shi ta kowace fuska, ya sa na yanka shi a tsaye mu ga gindin. Bai motsa ba.

Ban tsaya cin abincin rana ba. Na zuba gunduwoyin a laftof, na rungume ta, na tari keke zuwa Jos Jarawa. Duk hanya bakina har kunne, ina shirya yadda zan tsokane ta. Na shiga gidan da sallama mai ƙarfi.

"Gwaggo, albishirinki! Ba inda za ki!"

Tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta. Na durƙusa kusa da ita na buɗe laftof a cinyarta, na nuna mata yadda ake juya hoton da yatsa. Ta yi dariya da ta gane rufin ɗakinta, ta ce har da tsohuwar randarta aka ɗauka. Na bayyana mata kore da ja. Na nuna mata dutsen, na ce ta duba da kyau, ko ɗigon ja babu.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta sa yatsa a ƙasan allon, a tsakar gidan.

"Wannan jan fa?"

Ni ban ma kula da shi ba, hankalina yana kan dutse. Wani dogon abu ne a jikin katanga, da wasu ƙanana a gefensa. Na buɗe awon rani shi kaɗai don mu gani. Benci ne, da keji, da wasu kwanduna a jere.

"Bencin Maman coci ne," in ji Gwaggo.

Matar da ta yi shekaru tana haya a ɗakunan gefe ke nan, mai sayar da tumatir, kusan sa'ar Gwaggo. Tare suke yini a kan bencin nan suna gardama a kan komai. Na san 'yarta ta zo ta tafi da ita a tsakiyar damina, an faɗa mini, na ce Allah sarki, na wuce. Sai yanzu na ɗago kai na dubi tsakar gidan da idona. An share shi tas, ɗakunan gefe da kwaɗo, babu kaza, babu motsin kowa. Ranar Asabar da nake zuwa, surutuna ne ke cika shi, shi ya sa ban taɓa jin shirunsa ba.

Gwaggo ta rufe laftof ɗin a hankali ta miƙo mini.

"Aikinki ya yi kyau, 'yar nan." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Dole ne sai kin faɗa wa yayan naki?"

Na ce, "Gwaggo, dama kin san bai matso ba?"

Ta ce, ita da ta haife shi, ɗan fari, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, da wane baki za ta ce masa ya zo ya ɗauke ta? Ya ji da matarsa da 'ya'yansa. In dai dutse ne, to dutse ne ya kore ta, ba wanda zai ce ta roƙa.

Na ji tausayinta, na kuma ji haushi, har ban san wanda ya fi yawa ba. Haushin kaina na zuwa da nake yi kowane mako ban gani ba, da haushin wannan kunya tamu da ke sa uwa ta ɗora wa dutse laifi. Kuma har ga Allah ban so ta tafi ba, ko a lokacin.

"Gwaggo, ni ba zan yi ƙarya a kan awo ba."

"Ban ce ki yi ba."

Na fita bayan gida, na tsaya a inda waya ke samun sabis, na kira Yaya.

"Yaya, na gama. Dutse bai motsa ba, ko kaɗan."

"Alhamdulillahi! Kai, kin sauke mini nauyi. To shi ke nan, sai a bar ta ta..."

"Yaya, ka zo da motar."

Sai ya tambaye ni:

"Ita ta ce miki?"

"Ka san ba za ta taɓa cewa ba."

Na ji ya ja numfashi. Da ya sake magana muryarsa ta sauya. Ya ce tun rasuwar mahaifinsu yake son ya ce ta dawo wurinsa, yana tsoron kada ta ga kamar ya raina gidanta. Ya ce ba zai jira ƙarshen wata ba.

Ranar Asabar ya iso da hantsi. Gwaggo ta tarbe shi da faɗa, ba ta ko dubi fuskarsa ba. Ta ce an ƙona mai a banza, an zo a raba ta da ɗakinta da tsufanta, yaran yanzu ba sa shawara da kowa. Yaya ya sunkuyar da kai yana cewa a yi haƙuri, Inna. Da muka shiga ɗakin don mu haɗa mata kaya, sai muka tarar komai a ɗaure, har tabarmar sallarta a naɗe a saman akwati, ƙullin kuma ya yi ƙura, ba na jiya ba ne ba na shekaranjiya ba. Ni da Yaya muka dubi juna, muka fara fitarwa.

Ta shiga bayan mota tana ci gaba da mita. Da ƙaramar jikarta da aka zo da ita ta haye cinyarta, sai mitar ta tsaya. Motar ta gangara ta bi kwana, Gwaggo ba ta waiwayi gidan ba ko sau ɗaya. Ni ce na tsaya a ƙofa da makulli a hannu ina kuka.